Ƙanena ya koma jin waƙoƙin Baba da buga gem tun bayan rasuwarsa: mu hana shi?

Tambaya: Wata baiwar Allah ta rubuto cewa mahaifinsu ya rasu wata biyar ke nan. Ƙanenta, saurayi ɗan shekara 23, ya riƙe wayar marigayin, da rana yana ɗaki yana jin tsofaffin waƙoƙin da ke cikin memorin, wani lokaci har ta jiyo shessheƙarsa. Bayan sallar isha'i kuma sai ya fice gidan gem, wato shagon wasannin bidiyo, ya buga ƙwallon talabijin da abokansa, ya dawo yana fara'a kamar ba shi ba. Baffansu ya ce a karɓe wayar a kuma hana shi fitar dare, don a ganinsa shashanci ne. Tana son sanin ko abin da yaron ke yi yana taimakonsa ne, ko gudun gaskiya yake yi.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa, ku kuma Ya ba ku haƙurin jure rashinsa.

Kada a karɓe wayar, kada kuma a kulle masa ƙofa. Aikina shi ne zama da masu rashi da masu fama da ciwon damuwa, kuma abin da kika zayyana bai tayar min da hankali ba. Da cewa kika yi kullum yana ɗaki yana kuka, ko ƙofar gida ba ya leƙawa, da na damu. Da kuma cewa kika yi tun ranar jana'iza bai ƙara ambaton Baba ba, sai yawo da ƙyaƙyata dariya, nan ma da na damu. Yaron nan kuwa yana yin duka biyun. Da rana yana shiga cikin baƙin cikinsa, da dare yana fita ya sha iska. Abin da ya ɗaure wa Baffa kai, wato kuka da rana dariya da dare, shi ne ya kwantar min da hankali.

A shekarar 1999 wasu masana biyu na Jami'ar Utrecht da ke ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, suka fito da wani bayani wanda har gobe masu irin aikinmu ke jingina da shi. Kafin nan abin da aka fi koyarwa shi ne mai rashi ya tsaya ya fuskanci baƙin cikinsa har sai ya ga bayansa, wanda duk ya kau da kai kuwa sai a ce tara wa kansa wahala yake yi. Su kuma sai suka ce masu farfaɗowa kai-komo suke yi tsakanin hali biyu. Wani lokaci suna wajen mamacin, suna tunawa, suna kuka, suna kewa. Wani lokaci kuma suna wajen rayuwar da ta rage, suna aiki, suna hira, suna ma mantawa na ɗan lokaci. Kamar dai mai sauke tukunya daga murhu da hannu: ta ɗaga, ta ajiye, ta hura yatsu, ta sake ɗagawa. Wadda ta ce sai ta riƙe ba ajiyewa za ta ƙone, wadda ta ƙi taɓawa kuma abincin ne zai ƙone. Matsala tana zuwa ne idan mutum ya maƙale a gefe ɗaya.

Mu Hausawa mun iya kwanakin farko na mutuwa. Gida ya cika, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta su yi ta aiko da abinci, ba a barin mai rashi shi kaɗai ko na awa ɗaya. Amma ana yin kwana uku sai a watse. Masu sadakar bakwai da ta arba'in su yi, daga nan kowa ya kama gabansa. Mama tana da takabarta, wata huɗu da kwana goma, kowa ya san halin da take ciki, ana shigowa ana gaishe ta ana lallashi. Saurayi fa? Shi ya ɗauki makara, wataƙila shi ya shiga kabari ya karɓi mahaifinsa, shi ya yi ta shimfiɗa tabarma yana naɗewa, duk wanda ya zo sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai ne namiji, yanzu kai ne uba, sai haƙuri." Ba wanda ya ba shi wurin da zai yi kuka. To ya samo wa kansa wurin a cikin wannan wayar.

Kuma ba banza ba ya zama waƙa ce ta buɗe masa ƙofar. A 2009 wani masani na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Petr Janata, ya sa ɗalibai cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa yana sako musu gutsattsarin waƙoƙin da suka yi tashe lokacin tasowarsu. Duk sa'ad da waƙa ta tuno wa mutum wani abu na rayuwarsa, sai wani sashe da ke daidai bayan goshi ya kama aiki sosai, sashen da ke da hannu wajen tunanin mutum game da kansa da abin da ya wuce masa. Waƙa ba ita kaɗai take zama a kai ba. Tana zama ne tare da ɗakin da aka ji ta, da ƙamshin wurin, da fuskar wanda ke gefe. Shi ya sa za ki ga tsohon da cutar mantuwa ta ci ƙarfinsa har bai gane jikansa ba, amma a sako masa waƙar zamanin samartakarsa sai ya bi ta baiti-baiti. Wani bincike da ya fito a mujallar Brain a 2015 ya nuna cewa sassan da ke riƙe sanannun waƙoƙi suna cikin waɗanda cutar mantuwa ta Alzheimer ba ta saurin cinyewa.

Mu ma muna da shaidar yadda sauti ke dawo da wanda aka rasa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Hala, 'yar'uwar Nana Khadija, ta zo neman izinin shiga wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shekaru bayan rasuwar Khadija. Da ya ji yadda ta nemi izini sai ya tuna yadda Khadija take yi, abin ya taɓa shi har ya ambaci sunan Hala. Murya ce kawai daga bayan ƙofa. In kin riƙe wannan a ranki, za ki daina mamakin saurayin da kiɗan kalangu ko kuntigi ya sa shi hawaye.

Za ki iya cewa, ai waɗannan waƙoƙin ba na zamaninsa ba ne, tun kafin a haife shi aka yi su. Gaskiya ne, kuma an taɓa bin diddigin wannan. Sananne ne cewa abin da ya fi zama a ƙwaƙwalwar mutum shi ne abin da ya faru da shi tsakanin shekara 10 zuwa 30, waƙa ma haka. Amma a 2013 Carol Krumhansl da Justin Zupnick suka gwada ɗaliban Jami'ar Cornell ta Amurka da waƙoƙin da suka yi fice daga 1955 zuwa 2009, sai suka tarar matasan suna da shaƙuwa ta musamman da waƙoƙin farkon shekarun 1980, lokacin da iyayensu ke kan ganiyar ƙuruciya. Iyaye sun ci gaba da jin waƙoƙin samartakarsu a gida da mota, 'ya'ya suka tashi a cikinsu. Ke ma ki tuna. Ina kyautata zaton waƙoƙin nan sun fara ne a kaset, daga baya aka kai wa masu tura waƙa a kasuwa suka zuba a memori, kuma Baba ne da kansa ya zaɓi abin da za a zuba. Ƙanenki ya san wadda ke bin wadda. Ya san inda Baba yake ɗaga murya ya karɓi amshi, da inda yake kaɗa kai ya yi shiru, da wadda yake cewa a mayar da ita baya. Riga da hula na mamaci suna ajiye ne kawai, amma wannan jerin waƙoƙin zaɓinsa ne, ɗanɗanonsa ne, kuma yana nan yana motsi kamar yadda ya bar shi.

Akwai kuma abin da jiki ke samu. Valorie Salimpoor da Robert Zatorre na Jami'ar McGill da ke Kanada sun nuna a 2011 cewa ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin dofamin, wanda ke tare da jin daɗi da ɗoki, lokacin da mutum ke jin waƙar da ke ratsa shi. Wani abin sha'awa shi ne sakin yana farawa tun kafin a iso gaɓar da ya fi so, tun yana jiran ta. Mai rashi abinci ya daina yi masa daɗi, hira ta gundure shi, kuma mutuwa ta koya masa cewa komai na iya faruwa ba sallama. Waƙar da ya haddace kuwa ya san inda za ta bi da inda za ta tsaya. Cikin minti goma ko ashirin ɗin nan yana kuka ne a wurin da yake da iyaka, shi ya buɗe, shi zai rufe.

Sai dai a nan akwai inda nake so ki sa ido. Ba kowane jin waƙar baƙin ciki ne ke sauƙaƙa zuciya ba. Sandra Garrido, wata mai bincike a Ostireliya, ta daɗe tana nazarin wannan, kuma abin da ta gano shi ne masu ɗabi'ar saƙe-saƙe, waɗanda tunani ɗaya ke ta juya musu a kai ba ya gaba ba ya baya, waƙar baƙin ciki tana iya ƙara dulmiyar da su, alhali su suna ganin taimakonsu take yi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ki dube shi bayan ya kashe wayar. In ya fito ya wanke fuska, ya nemi abinci, ya tsokani ƙanne, ya ce "kin tuna ranar da Baba ya…", to waƙar ta yi aikinta. In kuwa waƙa ɗaya yake ta maimaitawa awa da awanni, ya tashi jikinsa a mace, maganarsa duk ta "da na sani" ce, da na kai shi asibiti da wuri, da ban yi masa musu ba ranar nan, to ya tashi daga tunawa ya koma tuhumar kansa. Ko a nan ma ƙwace waya ba ya magani. Abin da ke magani shi ne ya samu wanda zai faɗa wa "da na sanin" nan da baki, a saurare shi har ya kai aya, ba a katse shi da "haba, daina faɗin haka" ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da na fi so ki ɗauka daga amsar nan. Tuna baya yana da amfani, masana na Jami'ar Southampton ta Ingila, Constantine Sedikides da Tim Wildschut, sun shafe shekaru suna nuna hakan: kaɗaici ne kan tayar da kewar abin da ya wuce, abin da ake tunowa yawanci mutane ne na kusa, kuma bayan an tuna mutum kan ji cewa an taɓa ƙaunarsa, yana da tushe, rayuwarsa tana da ma'ana. Amma tunawa ta fi albarka in an yi ta da wani. Yanzu ƙanenki shi kaɗai yake ɗauke da ita a bayan ƙofa. Wata rana in kin jiyo waƙar, ki yi sallama ki shiga ki zauna. Kada ki ce "me ke damunka", don "ba komai" zai ce miki. Ki tambaye shi abin da yake da amsa: wannan a shago Baba ya fi sa ta ko a mota? Wace ce ya fi so? In hawaye ya zo miki ki bar shi ya zubo, kada ki ɓoye, hakan zai nuna masa cewa ba shi kaɗai ne bai gama ba. Sannan ku kwafi abin da ke cikin memorin nan ku ajiye a wani wurin tun yau, har da saƙonnin murya na WhatsApp in akwai. Memori yana lalacewa, waya tana ɓata, kuma rasa wannan zai zame masa kamar mutuwa ta biyu.

Baffa ma yana da wuri a nan, kuma babba ne. Kada ki manta shi ma ɗan'uwansa ya rasa, wataƙila jin waƙoƙin nan suna fitowa daga ɗaki yana sosa masa inda ba ya so a taɓa. Shi ya san Baba yana saurayi, ya san bikin da aka fara jin wata waƙar, ya san labaran da ku ba ku taɓa ji ba. Maimakon ki yi jayayya da shi, ki roƙe shi cikin ladabi ya riƙa jan yaron a jiki, ya kai shi gaida abokan Baba. Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa yana daga mafificiyar biyayya mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa bayan ya wuce. Zama ɗaya a majalisar tsofaffin abokan nan, ana ba da labarin marigayi ana dariya ana yi masa addu'a, ya fi nasihar wata guda.

In kuma a gidanku ana ƙyamar kiɗa ta fuskar addini, wannan hukunci ne na malamai, ku tambayi wanda kuka amince da iliminsa. Abin da zan ce ta ɓangarena shi ne, ƙira'ar da Baba yake sakawa da asuba, ko waƙar bege, ko muryarsa shi kansa a saƙo, duk suna bin wannan hanya ɗaya zuwa zuciya. In za a canja masa, a canja da lallami, a ba shi madadi, kada a bar shi da shiru.

Yanzu gidan gem. Na san a idon manya wuri ne na zaman banza, amma ki leƙa shi da idon yaron. Shago ne da benci biyu-uku, talabijin a jere, janareta na ƙugi a waje. Wannan ya ɗauki Madrid, wancan ya ɗauki Barcelona, masu jiran layi suna tsaye a baya suna zuga, wanda aka ci ya tashi ya ba na gaba. Ana zura masa ƙwallo sai ihu ya kaure, "Ka sha! Tashi ka ba mu wuri!" Wata biyar ke nan duk inda ya shiga sai murya ta yi ƙasa, fuska ta canja, a ce "ya ƙarin haƙuri". A masallaci ɗan marigayi ne, a gida shi ne namijin da ya rage. A kan bencin nan ne kaɗai ake yi masa tsiya kamar da. Kuma ba don abokan sun manta ba, ai su ne suka tsaya a bayansa a maƙabarta. Sun sani sarai, wannan ce hanyar da suka iya ta cewa har yanzu kai namu ne.

Shi kansa wasan yana da abin da yake yi. Hankalin ɗan'adam yana da iyakar abin da zai riƙe a lokaci guda, wasan da ke buƙatar ido da yatsa da saurin yanke shawara kuwa yana cinye wurin da mugun tunani zai zauna. Emily Holmes da abokan aikinta a Oxford sun gwada wannan da Tetris, wasan jera tubala masu faɗowa. A binciken da suka fitar a 2017, sun ɗauki mutum 71 da aka kawo sashen gaggawa na asibitin John Radcliffe bayan haɗarin mota, cikin awa shida da faruwar abin. Wasu aka sa su tuno haɗarin a taƙaice sannan su buga Tetris na kimanin minti 20. A makon da ya biyo baya, hotunan haɗarin da ke faɗo wa mutum a kai ba shiri sun yi ƙaranci a wurinsu in an kwatanta da sauran. Binciken ƙarami ne, kuma a kan firgici aka yi shi, ba a kan rashi ba, don haka kada a ɗauke shi a matsayin takardar magani. Amma ya nuna cewa hutun da wasa ke ba ƙwaƙwalwa hutu ne na gaske. Ƙari a kan haka, wanda mutuwa ta nuna masa cewa ba shi da iko a kan komai, a wasa yana samun wurin da ƙoƙarinsa ke haifar da sakamako nan take, in an ci shi kuma akwai ramuwa.

Sannan maza ba su cika buɗe ciki ido cikin ido ba. Ki zaunar da saurayi ki fuskance shi ki ce ya faɗa miki damuwarsa, sai ya sunkuyar da kai. Amma suna zaune kafaɗa da kafaɗa, ido na kan talabijin, hannu na aiki, sai ki ji magana ta suɓuce: "Wallahi jiya na yi mafarkin tsoho." Abokin ya ce "Allah Ya jiƙansa," a ci gaba da wasa. An faɗa, an ji, ba wanda ya ji kunya. Iyayenmu ma haka suke yi, sai dai nasu a gindin bishiya ne, an haƙa gurabe a ƙasa, kowa da 'ya'yan dararsa goma sha biyu, ana jera uku ana ci, ana gardama, ana kuma sanin wanda bai fito ba yau a aika a duba lafiyarsa. Mata kuma suna da lido da karta a tsakar gida. Allo ne kawai ya canja.

Kada dai in sa ki ɗauka cewa gem ɗin shi ne maganin. Masu bincike na Cibiyar Nazarin Intanet ta Oxford, ƙarƙashin Andrew Przybylski, sun samu ainihin bayanan lokacin wasa daga kamfanonin gem. A 2020 sun ga 'yar alaƙa mai kyau tsakanin wasa da walwala a wasanni biyu. Da suka faɗaɗa a 2022 zuwa 'yan wasa kusan 39,000 a wasanni bakwai, sai suka ga yawan awannin da mutum ya yi kusan ba ya ƙara walwala, ba ya kuma rage ta. Abin da ya fi tasiri shi ne dalilin yin wasan: mai yi don yana so ya fi samun natsuwa a kan mai yi don ya ji kamar dole. Ni a nawa ganin, kaso mafi tsoka na alherin da ƙanenki ke samu daga mutanen da ke kan bencin yake fitowa. Julianne Holt-Lunstad ta tattara bincike 148 a 2010, mutane fiye da 300,000, ta tarar masu ƙarfin alaƙa da jama'a sun fi waɗanda ke ware yiwuwar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin ɗari. Saboda haka in wata rana kika ga ya daina zuwa wurin abokai ya koma buga wasa a waya shi kaɗai cikin duhu har asuba, wannan koma-baya ne ko da yana gida a gabanku. Wasan intanet da abokan da ya sani, suna magana suna dariya, yana da nasa amfanin, musamman in nisa ya raba su, amma bai kai a tashi a taka a je ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da gem cikin kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, wanda ya fara aiki a 2022. Ba da awa ake aunawa ba. Ana duba ko mutum ya kasa tsayar da kansa, ko wasan ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, ko yana ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, kuma yawanci sai abin ya kai shekara guda a haka. 'Yan kaɗan ne cikin masu wasa ke kai wa nan. Abin da ya fi ba ni tsoro a irin waɗannan wuraren abu biyu ne da ke raɓe da su. Na farko caca. Ana farawa da "wanda aka ci ya biya kuɗin wasa", a koma sa kuɗi a tsakani, daga nan a zarce cacar ƙwallo ta waya, kuma zuciyar da ke neman abin da zai mantar da ita tana saurin faɗawa. Na biyu ƙwaya. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye a shekarar da ta gabata, kuma a 2018 ɗin ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Mun san yadda tiramadol da makamantansa suka yi wa samarinmu. Don haka ki san su waye abokan. Ki ce ya gayyato su gida wata rana ku ba su abinci, kya ga idonsu, kya ji maganarsu. Ki lura da kuɗi, in ya fara yawan roƙo ko kaya sun fara ɓacewa. A kuma yi yarjejeniya da shi, ba umarni ba, kan lokacin dawowa, yadda barcinsa ba zai lalace ba kuma asuba ba za ta wuce shi ba. Rashin barci kaɗai ya isa ya ninka baƙin ciki. A ɗora masa wani aiki na rana wanda in bai yi ba za a gani, ko cefane ne, ko kai ƙanne makaranta, ko zaman shago.

Wata biyar ba ta yi yawa ba ga wanda ya rasa uba, kuma za ki ga abin yana tasowa sabo a azumi, da ranar salla, da duk wani buki na gida. Amma akwai inda ya kamata a nemi likita. Kundin nan na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ambaci baƙin cikin rashi mai tsawaita, wanda ya wuce aƙalla wata shida yana nan da zafinsa, ya zarce abin da al'adar mutanen ta saba, har ya hana mutum gudanar da rayuwa. In kin ga ya rame, ba ya barci ko barci kawai yake yi, ya daina wanka, ya bar makaranta ko sana'a, ko ma gem ɗin da waƙar sun daina yi masa daɗi, to ba sai an jira wata shida ba. In kuwa ya furta magana irin "gara in bi Baba" ko "ni na gaji da duniyar nan", kada a ce ai faɗa kawai yake yi, kada kuma a rufe shi da faɗa. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawo masa. In ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai, a tafi asibiti a ranar.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da sauran asibitocin koyarwa. In sun yi muku nisa, ku fara da babban asibitin da ke kusa a tura ku. Zuwa can ba ya nufin hauka, kuma tun Janairun 2023 Najeriya tana da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, wadda ta tanadi haƙƙin majiyyaci har da rufa masa asiri. In za ku je, ki raka shi ko Baffa ya raka shi, ku tafi da bayanin yaushe canjin ya fara, awa nawa yake barci, yaya cin abincinsa, da ko akwai abin da yake sha, don waɗannan ne likita zai fara tambaya.